Me ya sa jan gizo-gizo ke cinye tumatir da zarar zafi ya shigo?

Tambayar ta fito ne daga wani manomin rani a yankin Bunkure. Ya ce shekara uku ke nan a jere tumatirinsa yakan tashi lafiya lau duk tsawon hunturu, ganye kore shar, amma da an shiga ƙarshen Fabrairu sai ganyen ƙasa ya fara ɗige-ɗigen fari, kafin mako biyu ya koma ruwan ƙasa kamar an babbake shi, ga yana ta lulluɓe kan shukar. Ya yi feshi sau huɗu da maganin da yake kashe tsutsa da shi, abin sai gaba yake yi. Yana so ya sani: zafi ne ke haifar da wannan ƙwaro, ko iska ce ke kawo shi daga wani wuri? Kuma me ya sa magani ba ya cin sa?

Malam, sannu da ƙoƙari, Allah ya mayar maka da alherin abin da ka rasa. Abin da ka kwatanta jan gizo-gizo ne, ba ko tantama. Zafi ba ya haifar da shi. Yana cikin gonarka tun tumatirin yana ƙarami, wataƙila ma tun daga wurin reno ka ɗauko shi a bayan ganyen dashe. Abin da zafi ke yi shi ne ya gaggauta masa rayuwa. Lokacin da ka ga yana, ai ba farkon zuwansa ka gani ba, jikoki da tattaɓa-kunnen waɗanda suka yi hunturu tare da kai ka gani.

Wannan halitta ba ta kai rabin milimita ba, ƙwayar gero ta fi ta girma nesa ba kusa ba. Kuma a wurin masana ba a lissafa ta cikin jinsin ƙwari irin su fara da tsutsa da farin ƙuda, waɗanda ke da ƙafa shida. Ita ƙafarta takwas, danginta su ne gizo-gizo da kaska da kunama. Ka riƙe wannan, don shi ne rabin amsar tambayarka ta biyu. Tana zama a bayan ganye, ta soka bakinta mai kamar allura cikin ganyen ta tsotse ruwansa, kowane wurin da ta tsotse ya zama ɗigon fari. Idan ɗigon ya kai dubbai sai ganye ya daina haɗa wa shuka abinci, ya riƙa zubar da ruwa ta waɗannan raunukan, ya bushe ya faɗi. Ganye na faɗuwa rana ta sami 'ya'yan tumatir a fili ta ƙona musu gefe, kwando ya je kasuwar Kwanar Gafan dillali ya karya masa kuɗi.

Yanzu ga maganar zafi. Ni da kai, da akuya da kaza, jikinmu yana riƙe da ɗuminsa, ko ana ɗari ko ana bazara. Jan gizo-gizo ba shi da wannan. Zafin jikinsa shi ne zafin ganyen da yake kai. Narkar da abinci, girma, saɓa, haɗa ƙwai a cikin mace, duk suna tafiya ne da saurin da zafin wurin ya ba su. Idan ma'aunin zafi ya sauka ƙasa da digiri 12, kusan komai tsayawa yake: ba ya mutuwa, amma ba ya girma. Daga nan zuwa sama, kowane digiri ɗaya da ya ƙaru ƙarin gudu ne, har zuwa wajen digiri 30 zuwa 32, inda nau'in da ya fi yaɗuwa a duniya, wanda masana ke kira Tetranychus urticae, ya fi jin daɗin rayuwa.

An auna wannan a ɗakunan bincike sau da dama, kuma alƙaluman suna kusa da juna. Daga ranar da aka saka ƙwai zuwa ranar da abin da ya fito ya balaga, a digiri 15 yana ɗaukar fiye da wata guda. A digiri 20, kwana 16 zuwa 17. A digiri 25, wajen kwana 10. A digiri 30, mako ɗaya tak. Ƙwan kansa yakan yi kusan mako kafin ya ƙyanƙyashe a digiri 20, amma a digiri 30 kwana uku ya ishe shi. Abin da ke fitowa ɗan mitsitsi ne mai ƙafa shida, ya ci abinci, ya kwanta ya yi saɓa ya fito da ƙafa takwas, ya sake yin saɓa sau biyu, sai ga shi baligi. Macen kuma kwana ɗaya ko biyu bayan balaga ta fara saka nata ƙwan.

Akwai wani lissafi mai sauƙi da nake koya wa matasan da ke zagayen gonaki tare da ni, kuma ko ɗanka ɗan makaranta zai iya yi maka shi da wayarsa. A haɗa zafin tsakar rana da sanyin asuba na yinin, a raba biyu. A cire 12 daga abin da aka samu. Abin da ya rage shi ne abin da ƙwaron ya tara a wannan rana, kamar adashi. Ranar da adashin ya kai wajen 130, ƙwai ya zama uwa. To duba yanayinmu na Kano. A watan Janairu asuba takan sauka wajen digiri 13, rana ta kai 29 ko 30, matsakaici ke nan 21 ko 22. Cire 12, saura 9 ko 10 a kullum, wato kusan mako biyu kafin zuriya ɗaya ta kammala. A Afrilu dare ba ya sauka ƙasa da 24, rana kuma tana kai 38 har ta wuce, matsakaici 31. Saura 19 a kullum. Mako ɗaya ya isa.

Wani zai ce to mene ne abin tashin hankali, ai ninki biyu ne kawai. A nan ne mutane da yawa ke ruɗuwa. Mace ɗaya tana iya saka ƙwai wajen ɗari a rayuwarta, kaɗan-kaɗan kowace rana, kuma kusan uku cikin huɗu na 'ya'yan mata ne. Mu ɗauka ma, don sauƙin lissafi, goma ne kacal cikin 'ya'yanta mata ke rayuwa su haihu. A wata guda na hunturu zuriya biyu za a yi: ɗaya ta zama goma, goma ta zama ɗari. A wata guda na bazara zuriya huɗu ce: goma, ɗari, dubu, dubu goma. Gona ɗaya, wata ɗaya, uwa ɗaya, amma can ɗari, nan dubu goma. Wannan shi ya sa manomi yake rantsuwa cewa ranar Juma'a ya zagaya bai ga komai ba, wata Juma'ar ya tarar da gona ta ƙone. Gaskiya ya faɗa. Ninkin ƙarshe shi ne ke fitowa fili, waɗanda suka gabace shi duk a ɓoye aka yi su a bayan ganyen ƙasa.

Wani abin mamaki game da haihuwarsu: mace ba ta buƙatar namiji kafin ta saka ƙwai. Idan ba a yi mata barbara ba, ƙwanta duk maza za su fito. Idan ɗaya daga cikinsu ya girma ya yi mata barbara, sai ta fara haifar mata. Ke nan mace guda da iska ta jefo gonarka, ko ta maƙale a hannun rigar mai tsinkar tumatir, ta isa ta kafa gari. Mazan kuma sukan tsaya gadi a kan 'yar macen da ke kwance tana saɓar ƙarshe, tana fitowa su yi mata barbara nan take, ba a ɓata ko yini ɗaya.

Zafi yana rage wa macen tsawon rai, wannan gaskiya ne. Wadda za ta yi wata guda a sanyi, a bazara mako biyu ne ko ƙasa da haka. Amma hakan ba ya taimakonka, don tana saka ƙwan da yawa a kowace rana, kuma tana saka su da wuri. A lissafin yaɗuwa, ƙwan da aka saka yau ya fi ƙwai biyar da za a saka bayan mako biyu, saboda na yau kafin lokacin ya riga ya yi jikoki.

Za ka iya tambaya, to zafin Afrilu da ke kai 40 fa, ba ya kashe su? A ɗakin bincike, idan aka tsare su a digiri 40 ba sauka, ƙwai da ƙanana da yawa suna mutuwa. Sai dai gona ba ɗakin bincike ba ce. Zafin nan na 'yan sa'o'i ne tsakanin azahar da la'asar. Bayan ganye inuwa ce, kuma shukar da ke shan ruwa tana fitar da gumi ta nan, wurin ya fi iskar waje sanyi. Ƙwaron yakan gangara ganyen tsakiya ya fake, yamma ta yi ya ci gaba da harkarsa, dare kuma da ɗuminsa. Ni a ganina ɗumin dare ne ma ya fi bambanta bazara da hunturu a wannan sha'ani, don a Janairu sanyin asuba yana taka masa birki na sa'o'i da yawa kowace rana, a Afrilu kuwa dare da rana tafiya yake.

Ga kuma wani nau'in da ya fi wancan jure zafi, Tetranychus evansi, wanda ya fi ƙwarewa a kan tumatir da danginsa: yalo, gauta, dankalin Turawa, gautan kaji. Asalinsa Kudancin Amurka ne. An gan shi a Zimbabuwe a 1979, ya bi gabashin Afirka, daga baya aka tabbatar da shi a ƙasashen yammacin Afirka irin su Senegal da Benin da Nijar. Shi a digiri 35 ma yana cikin ganiyarsa, yana kammala girma cikin kwana shida da 'yan sa'o'i. Launinsa ja ne mai ruwan lemo, yanarsa tana da kauri, kuma idan ya cinye shuka sai ka ga sun taru a ƙarshen reshe ko kan sandar da aka tokare tumatir, dunƙule guda ja kamar an barbaɗa garin barkono. Jiran iska suke yi ta ɗauke su. Don haka zarginka ga iska bai faɗi ƙasa ba: tana kawo su, amma yawanci daga gonar maƙwabci ko daga tsohuwar shukarka, ba daga wata uwa duniya ba.

Zafi kuma ba shi kaɗai yake aiki ba, yana da abokan tafiya, kuma a ƙasarmu duk lokaci ɗaya suke zuwa. Bushewar iska na farko. A Fabrairu da Maris danshin iska da rana yakan sauka ƙasa da kashi 20 cikin ɗari. Jan gizo-gizo ruwan ganye yake sha, kuma dole ya fitar da rarar ruwan kafin ya ƙara shan wani. A busasshiyar iska ruwan yana fita da sauri, sai ya ci da yawa, ya saka ƙwai da yawa. Da damina akasin haka ne: ruwan sama yana kakkaɓe su ƙasa, danshi yana kawo musu wata cutar fumfuna da ke kashe su da yawa. Shi ya sa ba ka cika jin kukansa a Agusta ba. A ƙasashe masu tsananin sanyi matan sukan ɓuya su yi dogon barci har hunturu ya wuce. A nan babu sanyin da zai tilasta musu haka, sai dai su ragu, su laɓe a jikin zurma da zaƙami da gwanda da ciyayin bakin kwata, suna jiran noman rani.

Sai ƙura. Duk wanda ke da gona a bakin hanyar da motocin ɗaukar kaya ke bi, daga Kura zuwa Kadawa ko a fadamun Auyo da Haɗeja, ya lura zai ga layukan bakin hanya ne ke fara ƙonewa. Ƙura tana hana ƙananan halittun da ke cin jan gizo-gizo yin farauta, shi kuwa yana ƙarƙashin yanarsa ba ruwansa. Sai ƙishirwar shuka. Tumatirin da ban ruwa ya yi masa jinkiri yana rufe ƙofofin ganyensa, gumi ya tsaya, ganyen ya yi zafi fiye da na shukar da ta ƙoshi, ruwan cikinsa kuma ya yi kauri da sinadaran da ƙwaron ke so. Ka ga an haɗa masa ɗumi da abinci mai maiƙo. Yawan yuriya ma haka yake yi: ganye ya yi laushi ya yi duhu, manomi yana murna, ƙwaro ya fi shi murna. Kuma duk wannan yana faruwa ne a daidai lokacin da shi tumatirin kansa zafi ya fara galabaitar da shi, fure yana zuba, ba shi da ƙarfin sake sabon ganye ya maye wanda aka cinye.

Mu dawo kan maganin da ka fesa sau huɗu. Wannan shi ne ya fi damuna a cikin wasiƙarka, don na ga irinsa a gonaki da yawa tun bayan ɓarnar da tsutsar sharon ta yi wa tumatir a 2016, lokacin da tsoro ya sa mutane suka koma feshi duk bayan kwana uku da duk abin da mai shago ya miƙo. Yawancin magungunan tsutsa da ke kasuwanninmu, masu ɗauke da sinadarin Cypermethrin ko Lambda-cyhalothrin, ba don dangin gizo-gizo aka yi su ba. Ba sa yi masa wani abin kirki, amma suna share maƙiyansa tas: wasu 'yan gizo-gizo masu saurin gudu da ke cin ƙwansa, da wata 'yar baƙar buzuzuwa mai girman kan allura, da wasu da dama da ido ba ya lura da su. Ƙari a kan haka, irin wannan magani yana firgita shi ya watse zuwa ganyen da bai kai ba a da. An kuma gano cewa wasu magungunan, irin su Imidacloprid, suna iya sa macen ta ƙara yawan ƙwai. Wato da kuɗinka ka kashe masu gadin gonarka, ka bar ɓarawo shi kaɗai a lokacin da ya fi kowane lokaci sauri. Su maƙiyan nasa dama zafi da bushewa sun fi cutar da su fiye da shi, suna ta fama ne da kyar, feshi ya zo ya ƙarasa su.

Kada ka raina aikin waɗannan masu gadi. Wani ɗan'uwan wannan ƙwaro, koren gizo-gizon rogo, ya shigo Afirka ta Uganda a 1971 ya yi wa rogo mummunar ɓarna a ƙasashe da yawa, har da Najeriya. Ba feshi ne ya kwantar da shi ba. Cibiyar binciken aikin gona ta ƙasa da ƙasa, IITA, ce ta kawo wani ɗan gizo-gizo mai cin sa daga Brazil, aka sake shi a Jamhuriyar Benin a 1993, ya bazu da kansa daga gona zuwa gona.

Akwai kuma maganar sabo da magani. Tetranychus urticae yana sahun gaba a duniya wajen wannan, an rubuta ya gagari sinadarai fiye da 90. Dalilin yana komawa kan abubuwa biyun da na ambata. Namiji gadon uwa kaɗai yake ɗauke da shi, don haka idan yana da halin jure guba zai rayu, idan ba shi da shi zai mutu nan take, babu ɓoye-ɓoye, sai tankaɗen ya yi sauri. Zafi kuma yana ba su zuriya huɗu a wata. Maganin da ya yi maka aiki a farkon Maris, idan ka nace masa shi kaɗai, kafin ƙarshen Afrilu kana iya ganin kamar ruwa kake fesawa.

To me za ka yi? Yaƙin nan a cikin sanyi ake cin sa, lokacin da ƙwaron ke tafiyar hawainiya. Daga tsakiyar Janairu ka mayar da duba bayan ganye al'ada, sau ɗaya a mako, idan Fabrairu ta raba kuma sau biyu. Ka fara da layukan bakin hanya, da ɓangaren arewa maso gabas inda iskar hunturu ke shigowa, da duk gefen da ke kallon tsohuwar gonar tumatir ko yalo. Ka riƙe farar takarda a ƙarƙashin ganyen ƙasa ka kaɗa shi. Idan ka ga ɗige-ɗige kamar ƙura suna tafiya, ka murza da yatsa, za su bar jan zane. Kyamarar waya ma idan ka jawo hoton tana nuna su, har da ƙwan, ƙulu-ƙulu masu sheƙi. A wannan matakin sau da yawa shuka goma ko ashirin ne kawai suka kamu. Ka tsinke ganyen ƙasan da ya kamu ka zuba a buhu, kada ka jefar a kwata, ka fitar ka ƙone. Ka sa alama a wurin, kuma masu aiki su riƙa shiga nan a ƙarshe, ba da farko ba, don a jikin tufafi da kwanduna ake raba shi.

Ruwa kansa magani ne. Ban ruwanmu na kwata ƙasa kawai yake jiƙawa, ganye yana nan da ƙurarsa wata da watanni. Ka cika injin feshi da ruwa zalla, wanda ka wanke sosai, ka juya bakinsa sama ka wanke bayan ganye da ƙarfi da safe. Yana kakkaɓe su, yana yaga yanar, yana wanke ƙura, kuma a bushewar Maris ganyen zai bushe da wuri, ba fargabar ciwon ganye. Ka kuma rage tazarar ban ruwa idan zafi ya shigo, kada ka jira sai shuka ta langaɓe. Ruwan 'ya'yan darbejiya yana taimakawa idan ba su yi yawa ba: rabin kilo na dakakkun ƙwayoyin a lita 10 na ruwa, a jiƙa ya kwana, a tace, a sa ɗan sabulu kaɗan don ya kama ganye. Farar wuta ma tana kashe su, amma a nan zafi ya sake shigowa: idan rana tana wuce digiri 32 tana ƙona ganye, don haka maganin Disamba da Janairu ce, ba ta Afrilu ba. Haka duk wani haɗi mai mai ko sabulu, ka gwada a kan shuka biyar tukuna, ka jira kwana biyu ka gani.

Idan abin ya kai ga sayen magani, ka karanta sunan sinadarin da ke jikin kwalbar, ba sunan da kamfani ya raɗa mata ba. Wanda aka fi samu a wurinmu mai aiki a kan jan gizo-gizo shi ne Abamectin. Yana kashe manya da ƙanana, amma ba ya kashe ƙwai, kuma a nan ne lissafin zafin zai yi maka rana. A bazara ƙwan da ya tsira zai ƙyanƙyashe cikin kwana uku, ya balaga a kwana na bakwai. Feshi na biyu dole ya faɗo a tsakanin nan, kwana biyar ko shida bayan na farko, lokacin da duk sun fito amma babu wadda ta fara saka sabon ƙwai. Wanda ya jira mako biyu, kamar yadda ya saba a hunturu, zai tarar an riga an yi sabuwar zuriya, ya kashe maciji bai sare kansa ba. A sanyi kuwa kwana bakwai zuwa goma daidai ne. Bayan feshi biyu ka canza zuwa wani sinadarin da hanyar kisansa daban ce, irin su Spiromesifen, wanda shi ƙwai da ƙanana yake kamawa. Canza kwalba mai sinadari iri ɗaya da wani suna ba canji ba ne.

Ka yi feshin da yamma, rana ta yi sanyi. Hasken rana yana lalata Abamectin da sauri, kuma da tsakar rana ɗigon yana bushewa kafin ya ratsa ganye. Bakin injin ya kalli sama, ruwa ya wadata, don abin da aka fesa a saman ganye bai gamu da kowa ba. Idan yana ta yi kauri, ka fara wanke ta da ruwa kwana ɗaya kafin feshin. Kuma don Allah ka rufe hanci da baki, ka sa dogon hannu, kada a ba yaro wannan aiki. Maganin yana kashe ƙudan zuma da kifi, kada a wanke injin a cikin kanal ɗin da jama'a da dabbobi ke sha. Kwanakin da aka rubuta a jira kafin tsinka, a jira su cif, ko da farashi yana kira, don tumatirin nan tukunyar wani zai shiga.

Wani abu da ake yawan rikitawa da wannan. Idan ka ga karan tumatir daga ƙasa yana komawa launin tagulla yana sheƙi, ganye yana bushewa yana hawa sama, amma babu yana kuma takarda ba ta nuna komai ba, akwai wani ɗan'uwansa da ya fi shi ƙanƙanta, wanda ido ba ya gani sam sai da gilashin ƙara girma. Shi ma zafi da bushewa yake so, shi ma mako guda ya ishe shi zuriya, kuma mutane sukan ɗauka ciwon ganye ne su yi ta fesa maganin fumfuna a banza. Maganinsu ɗaya da jan gizo-gizo. Amma wanda ke nannaɗe sabon ganyen attarugu da tattasai ya lanƙwasa shi ƙasa ya yi tauri, halinsa daban ne: danshi da matsakaicin ɗumi yake so, don haka da damina da kaka aka fi ganin sa.

Na san dalilin da ke sa a yi dashen baya: kowa yana son tumatirinsa ya fito a Afrilu da Mayu lokacin da kwando ke tsada, ba a Fabrairu da kasuwa ke cika ba. Ban ce ka bari ba. Amma ka sani dashen Oktoba da Nuwamba yana yin yawancin rayuwarsa ne ƙwaron yana tafiyar hawainiya, na Janairu kuwa yana fure ne daidai lokacin da ƙwaron ya sami ƙafa. Idan za ka yi na baya, kada ka dasa shi jikin tsohon, musamman ta ɓangaren da iska ke kaɗowa daga tsohon zuwa sabon. Wurin reno ma ya yi nesa da tsohuwar gona, kuma ka duba bayan ganyen dashen kafin ka saya ko ka tuge.

Game da gonar da ke gabanka yanzu: layukan da yana ta riga ta lulluɓe, ganye ya ƙone fiye da rabi, kada ka ƙara zuba musu kuɗi. Ka tsinke abin da ya nuna, ka tuge shukar da sassafe kafin iska ta tashi, ka tara a wuri ɗaya ka ƙone a ranar, don tulin da aka bari a gefen gona yana bushewa ƙwarin za su hau samansa iska ta raba su. Ka nome gautan kaji da zaƙami da ke bakin kwata. Sannan ka yi magana da maƙwabtanka na dama da hagu ku yi haka a mako ɗaya, ko ku nemi malamin gona na KNARDA, hukumar bunƙasa noma ta jihar Kano, da ke yankinku ya tara ku, domin gonar da aka gama tsinka aka bar ta tsaye har Mayu ita ce ke ciyar da dashen kowa da ke kusa da ita.